Injin Tauraro da Sunan da Babana Bai Kira Ba

Da kakar bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da aka kai mahaifina, Kaparan Nomau, tsohon soja, makwancinsa a Filinge. Ashirin daga cikinsu na yi su ina fushi da shi, ban kuma gaya wa kowa ba. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ina sadakar fura ranar Juma'a, amma can cikin raina matsoraci nake kiransa. Ni ce 'yarsa ta fari, Salamatu, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, kuma duk wanda ya san ni ya san magana ba ta kwana a cikina. Guda ɗaya ce na riƙe, don shi ya ɗora mini ita kwana uku kafin ya cika, ya ce kada mahaifiyata ta ji. Maganar ta yadda mahaifin Inna ya mutu ce. Inna kuwa tana nan da ranta, ta haura tamanin.

Waɗanda suka manyanta a garin nan za su tuna Baba da abu biyu: injin niƙansa na bayan kasuwa, da rashin kunyarsa. Haka ake faɗa, ba a ɓoye ba. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai “ke” ko “waccan”. Shi kuwa daga tsakiyar kasuwa zai ɗaga murya ya ce Salamatu, mata su rufe baki da gyale. Wata safiya zanen kakata, uwar Inna, ya matso kusa da bel ɗin inji. Baba bai nemi wanda zai aika ba. Ya daka mata tsawa da sunanta tsirara: “Tamo, ja da baya!” Surukarsa fa. Tsohuwa ta yi wata guda ba ta ci abincin gidanmu ba. Danginsa na ƙauye, masu riƙe da al'adar kakanni, suka ce iskoki ya kwaso a ƙasar yaƙi, suka zo da mai goge da wata tsohuwar 'yar bori. Ta dube shi tsawon lokaci, ta naɗe tabarmarta. Ta ce babu iska a kansa, abin da yake ɗauke da shi ba nasu ba ne.

Abin ya fi muni da manema aurenmu. Da marigayi mijina, Mushe Abdu, wato Malam Abdu, ya zo gaisuwa, Baba ya tsayar da shi a zaure ya ce ya kira sunansa sau uku, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. Bawan Allah ya jiƙe sharkaf da gumi. Na farko ya fito kamar tari. Baba ya ce bai ji ba. Sai da Abdu ya rufe ido ya kwarma “Nomau” har kaji suka watse, sannan aka ba shi wurin zama. Ni ina bayan ƙofa, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san ya yi aikin jirgin sama a sojan Nasara, can bayan hamada, kafin a haife ni. Mu Kurfayawa aikin soja sana'a ce a wurinmu, gida kaɗan ne babu tsohon soja. Amma sauran suna ba da labarin faɗa, shi kuwa inji kawai yake bayarwa. Idan niƙa ya yi sauƙi zai share garin gero da ya zube a kan tebur, ya zana da'ira da yatsa, ya fitar mata da hannuwa tara. Injin tauraro ke nan, in ji shi, wanda ke jan jiragen da ke kai bama-bamai. Silinda tara a zagaye, wasu tara a bayansu, kowace da fistan a ciki yana kai da komo. Sandar fistan ɗaya ce babba, sauran takwas duk a jikinta suke rataye, kamar mai gida da iyalinsa. Ba ya shan ruwa kamar injin mota, iskar gudu ce ke sanyaya shi, shi ya sa masu yaƙi ke son sa: harsashi zai fasa silinda guda, ya ci gaba da tafiya yana tofar da baƙin mai har ya dawo da mutanensa gida. A gaba akwai farfela mai hannuwa huɗu, kowane ya fi mutum tsawo. Baba ba ya ce musu hannuwa. Takubba yake cewa.

Aibin injin ɗaya ne. Idan ya tsaya, baƙin mai yana tsiyaya ya taru a silindar da ke ƙasa. Aka tayar da shi a haka, fistan zai daki mai, mai kuma ba ya matsuwa, sai sanda ta lanƙwashe, watakila ta karye a sama da mutane a ciki. Saboda haka kafin kowane tashi sai an juya farfela da hannu, mutum bayan mutum, ana ƙirga takubba. In ta cije, a cire buji na ƙasa, abin da ke kunna wuta a silinda, a tsiyaye man. Doka kuma ita ce ba a taɓa takobi sai wanda ke kujerar matuƙi ya amsa cewa wuta a kashe take, don injin yana da wani abu, manyato, mai haifar da tartsatsinsa da kansa da zarar farfela ta motsa. Na haddace wannan duka tun ban iya lissafin rabawa ba, ban san abin da ake karanta mini ba.

Sau ɗaya ya kauce daga inji ya taɓa abin da jiragen ke yi. Ya ce matuƙa na saukowa ƙasa-ƙasa a kan ƙauyuka masu rumbuna irin namu, su dawo hancin jirgi baƙi ƙirin. Wata rana yana wanke tsakanin silinda ya zaro guntun tabarma da ya ƙone, da wani abu manne a jikinsa. Na tambaye shi mene ne. Ya ce in tafi in kai wa Inna garinta.

Abin da kowa ya sani game da kakana, Sarsan Arzika, mahaifin Inna, shi ne harsashin abokan gaba ya same shi a filin jirgi. Haka takarda ta ce, haka Baba ya ce da ya dawo. Arzika tsohon soja ne tun yaƙin da ya gabata, shi ya ja surukinsa zuwa rundunarsu, shekara guda bayan Baba ya auri Inna. Uba da miji suka tafi rana ɗaya, miji kaɗai ya dawo.

Da hantsi ne, ranar Talata, ya aiki Inna ta dama masa kunu, ya ce mini, “Salamatu, zamna.” Ciwo ya cinye shi, muryar nan da ke cika kasuwa ta koma zare. Ya ce shekara biyu suka yi aiki a jirgi ɗaya da kakana, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai ci abinci a gabansa ba, bai yi masa magana kai tsaye ba. Duk maganar aiki ta bakin wani Bazabarme take bi, Hamani, mutumin Tondikandiya. Baba ya ce “hwaɗa mishi buji na uku ya mutu”, Hamani ya isar, amsa ta dawo ta hanyar da ta je. Nasara suna dariya, suna cewa baƙaƙen nan sun kafa gidan waya a ƙarƙashin fiffike. Aikin kuma yana tafiya, ba a taɓa samun su da kuskure ba.

Ranar, jirgin ya dawo daga fitar safe da ramukan harsashi, aka ce a sake loda shi ya koma kafin la'asar. Injin bai gama hucewa ba. An rataya bama-bamai, na kujerar matuƙi ya amsa cewa wuta a kashe take. Arzika ya matso, don shi ke jan takobin farko kullum, a hannunsa yake jin ko mai ya taru. Baba yana kan tsani a bayan inji yana duba ramuka. Sai ya ga wayar manyato a tsinke, harsashi ya yanke ta. Wayar nan ita ce ke kashe wuta. In ta tsinke, ko an murɗa makunni sau ɗari, injin a kunne yake. Ya ɗaga kai ya ga hannuwan surukinsa biyu a kan takobi, taku biyar tsakaninsu. Wasu jirage biyu na ruri a gefe, babu abin da zai juyo da mutum sai sunansa.

Ya yi abin da ya saba yi shekara biyu. Ya waiwaya ya nemi Hamani, ya kwarma masa “hwaɗa mishi ya saki”. Mutum shida ne a layin farfela. Hamani ya dube su bai gane ko wa ake nufi ba, ya dubi Baba, ya yunƙura zai ruga. Arzika ya ja.

Injin ya yi tari sau biyu kawai ya mutu. Takobin farko ya fizge hannunsa na dama daga kafaɗa, ya jefa shi kan rufin rumfar kwano. Na biyu ya same shi daga wuya zuwa ƙirji. Baba ya ce jinin ya kai har inda yake a kan tsani, ya shiga bakinsa da ke buɗe. A cikin bargo biyu aka tattara Arzika. Babbansu ya zo ya duba, ya ce tunda harsashi ne ya yanke wayar, a rubuta harsashi ne ya kashe shi, iyalinsa za su fi samun daraja. Aka watsa yashi a wurin, aka ɗaura sabuwar waya, aka goge takubba da tsumma. Baba ne aka sa ya ja takobin farko. Jirgin ya tashi kafin la'asar ya je ya sauke kayansa a kan wasu mutane.

“Numfashi guda ya rage mini,” ya ce, “na ba Hamani shi. Kak ki bari uwarki ta ji.” Inna ta shigo da kunu, ya karɓa ya yi mata godiya.

Ban yi fushi da haɗarin ba. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an rene shi a kan cewa mai kama sunan suruki ɗan iska ne. Abin da ya ci mini rai shi ne shekara arba'in da ɗoriya yana cin tuwon matar nan, yana kallonta tana sadaka don uban da take zaton ya mutu yana fuskantar abokan gaba, bai taɓa samun ƙarfin zuciyar da zai zauna ya gaya mata gaskiya ba. Mai tsawa a kasuwa, a gida ya kasa buɗe baki. Sannan da mutuwa ta zo ya sauke kayan a kaina ya yi tafiyarsa. Wallahi akwai ranakun da nake kallon hotonsa da kakin soja in juya shi ya fuskanci bango.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙasar Kurfai ta yau. Yaƙin da ya haye hamada ya je ya tarar, yanzu shi ya zo ya same mu. Gonaki na nesa sun koma daji don ba mai iya zuwa. Ana kwashe shanu, ana ƙone rumbuna da geron shekara a ciki, dangi daga ƙauyuka sun cika gidajenmu da tabarmi da tukwane. Sama kuma wani abu na shawagi da ƙara siririya kamar sauro, an ce babu matuƙi a cikinsa. Ina jin Baba zai saurara, ya ce wannan ba inji ba ne, sannan ya tambaya wa ke wanke shi idan ya dawo, me kuma yake zarowa.

Bara, bayan girbi, na je gaisuwar mutuwa wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba. Mijin 'yata, Sumaila, shi ya kai ni a mota. Sumaila yaro ne mai kunya har ta yi yawa, shekara goma sha tara yana gaishe ni yana kallon takalmansa. Lokacin neman aurensa Baba ya riga ya rasu, ni kuma na ce al'adar nan ta kiran suna ta bi mai ita. Abdu ya ƙi. Yana dariya ya ce an yi masa, sai ya rama a kan wani. Ya tsayar da yaron a zaure ya sa ya kira sunansa sau uku, ya ƙara da cewa har da na uwar yarinya. Na yi kwana biyu ba na yi wa Abdu magana.

Ranar kasuwar ƙauyen ce. Na tsaya sayen daddawa wurin wata mata mai tsagar gado, muna ciniki tana zolayata cewa mutanen birni ba mu san ta kirki ba. Na ji ƙarar moto, babura da yawa, ban kula ba, kunnena ma ya fara nauyi. Sai na ji murya daga bayana, irin wadda ban ji ba tun ina budurwa: “Salamatu, kwanta!”

Ban yi tunani ba. Jikina ne ya amsa, yadda yake amsawa a bakin injin niƙa. Na zube ƙasa, harbi ya wuce ta inda kaina yake. Mai daddawa tana tsaye, ta juya ta ga ko wace ce ake kira. Ta faɗo a kaina, rabin fuskarta babu. Na kwanta ƙarƙashinta jininta na bin wuyana da ɗumi, ina jin 'yan bindiga suna bin rumfa rumfa, ina jin wani dattijo yana salati har aka katse shi a tsakiya. Sun cinna wa rumfunan gero wuta, hayaƙi ya rufe kasuwar. Ban san tsawon lokacin ba. Da aka janye gawar daga kaina na ga Sumaila jingine da tayar mota, cinyarsa a fashe. Ya miƙe tsaye ne don muryarsa ta kai gare ni, shi ya sa suka gan shi.

Ya rayu, yana ɗingishi. A asibiti da na shiga ya ja mayafi ya rufe fuska, ya ce wa 'yata ta roƙar masa gafara wurina, ya yi mini rashin kunya a gaban jama'a. Na yaye mayafin da hannuna. Na ce masa in ya ƙara aiko mini da magana ta bakin wani, shi da ni ne.

Da na dawo gida na kasa haƙuri. Na ce ashe abin da Baba ya shuka a zaure shi ya tsamo ni, to ya cancanci a san dalilinsa, in ma shi ya ji tsoro ni ba zan ji ba. Na sami Inna da rana tana tsince wake a inuwar rumbu. Na zauna na gaya mata duka, tun daga wayar manyato har barguna biyu, ban rage komai ba. Ina jira ta yi kuka, ko ta tsine masa. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

“Ranar da za su tahi,” ta ce, “na bi shi har bakin rijiyar gabas. Mata sun hwara cewa na auri mai rawar kai. Na kama rigarshi na ce ya rantse mini, can inda za su, ba shi ɗaga wa babana murya, ba shi kama sunanshi, kada a dawo a ce ɗiyar Arzika ta kai ma ubanta marar kunya. Ya yi dariya. Ban sake shi ba sai da ya rantse.”

Ta ɗauki ƙwayar wake guda ta dube ta, ta mayar.

“Da ya dawo na tambaye shi ko ya cika mini alkawari. Ya ce ya cika. Na ji daɗi, har na yanka mishi zakara.”

A nan na gane abin da aka ba ni ajiya. Ba kansa yake ɓoyewa ba. Ya yarda gari ya kira shi marar kunya, surukarsa ta ƙaurace masa, 'yarsa ta raina shi a kabari, don kada matar nan ta haɗa rantsuwar bakin rijiya da mutuwar ubanta. Shekara arba'in da ɗoriya ya tsare ta. Ni mai baki na rushe shi a zaman tsintar wake guda. Na roƙe ta gafara, ta ce ba ni na yi ba. Sati biyu ba ta ci abin kirki ba, na yi zaton na kashe ta. Har yau ban san ko na yi daidai ba, kuma ba na so mai karatu ya aiko mini da amsa.

Injin niƙa an sayar da shi tuni, wurin ya zama shagon cajin waya. Jiragen da ya yi wa hidima sun zama tarkace a ƙasashen da ban taɓa gani ba. Abin da ya bari a akwatinsa buji ne guda, naɗe a tsumma. Sai kuma zauren gidanmu, inda jikata za ta kawo nata manemin bayan salla, kuma na riga na gaya wa Sumaila ya shirya, shi zai tsayar da shi. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka rene ni, da ita na reni 'yan lakwal shekara talatin. Amma a gidan Kaparan za a ci gaba da karya ta sau uku a gaban shaidu, don baki ya san hanyar sunan kafin ranar da za a neme shi. Na mayar da hotonsa ya fuskanci ɗaki.

Da na yi niyyar wannan rubutu na je na tambayi Inna, don sirrin yanzu nata ne. Na ce zan iya sakaya shi, in ce wani tsohon soja. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci mijinta ba, sai “shi”, sai “mai gidan nan”, bayan ya rasu kuma “marigayi”. Ta gyara zama, ta dube ni ido cikin ido.

“Rubuta, Salamatu,” ta ce. “Ki sa sunanshi. Nomau.”

Ta sake faɗa, da ƙarfi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya.